Yadda ake zaɓen kayan bango da makarin zafi kafin a fara gina sabon gida

Bango aiki uku yake yi wa gida: yana ɗaukar nauyin rufi da bene, yana tare ruwa, yana kuma tsayawa tsakanin zafin waje da mutanen ciki. Yawancin masu gini na farkon kawai suke tunawa. Sai an tare, ɗakin yamma ya gagari kwana, ko fenti ya fara ɓarewa daga ƙasa, sannan a shiga neman magani. A lokacin kuwa an makara, domin kaurin bango da abin da za a sa a jikinsa tun kafin a haƙa harsashi ake yanke su.

Kayan da za ka tanada

Na gwaji da lissafi, tun kana kan takarda: zanen gidan mai ɗauke da awo, tef na awo, kamfas ko wayar da ke nuna gabas da yamma, ma'aunin zafi, kwalba mai faɗin baki da murfi, bokiti, sikeli, da samfurin kowane irin bulo da kake tunanin saye, aƙalla guda 3 daga kowane mai sayarwa.

Na aikin kansa: siminti, yashi mai kaifi wanda ba laka a ciki, ruwa mai tsabta, rodi, leda mai kauri ko shimfiɗar kwalta ta hana danshi, cokalin gini, igiya, ma'aunin daidaito, da katakon aluminiyam mai tsawon mita 2 na duba miƙewar bango. Idan za a sa makarin zafi, wato kaya mara nauyi da ake sawa a jikin bango don rage wucewar zafi, ƙara da allunansa, garin manne su, ƙusoshin roba masu faffaɗan kai, ragar zaren gilashi, cokali mai haƙora, zarto mai ƙananan haƙora, na'urar huda bango, safar hannu, takunkumi da tabarau.

Mataki na 1: Karanta yanayin wurin kafin ka karanta jerin kaya

Rataye ma'aunin zafi a inuwa a lokacin da ya fi zafi a shekara, ka duba shi da azahar, ka sake dubawa da asuba, na kamar mako guda. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce za ta gaya maka irin bangon da ya dace da kai.

Idan rana na ƙuna amma dare na sanyi, tazarar ta kai digiri 10 ko fiye, bango mai nauyi da kauri shi ne naka. Yana shanye zafin rana a hankali, ya riƙe shi, sai dare ya yi ya sake shi, a buɗe tagogi iska ta kwashe. Idan kuwa wurin mai zafi ne da laima, dare bai cika sanyi ba, nauyin nan ba ya samun lokacin hucewa, sai ya zama murhu a ɗaki. A irin wannan wuri an fi son bango mara nauyi, inuwa, da tagogi masu fuskantar juna. Inda ake fama da sanyi mai tsanani, ko gidan da za a kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, makarin zafi ne kan gaba, sauran duk suna binsa.

Daga nan ka tsaya a filin da kamfas. A ƙasashe masu zafi bangon gabas da na yamma ne ke shan rana a fuska, na yamma ya fi muni domin rana na dukansa a daidai lokacin da iska ta riga ta yi zafi. Yi musu alama a kan zanen. Duba kuma ta wane ɓangare ruwan sama ke bugowa, ko ruwa na kwanciya a filin, da ko akwai gara. Idan yankin na fama da girgizar ƙasa, bango mai nauyi da ba rodi a ciki haɗari ne, wannan kuma maganar injiniya ce, ba ta magini ba.

Mataki na 2: Raba nauyi da kariya, ka koyi lissafi guda ɗaya

Mutane na ɗauka bango mai kauri shi ne mai hana zafi. Ba haka ba ne. Nauyi jinkirta zafi yake yi, makari kuma rage shi yake yi. Bangon ƙasa ko na jan bulo mai kaurin santimita 30 kan jinkirta zafi kusan awa 8 zuwa 10, amma zafin zai iso. Makari ba shi da nauyin ajiye komai, iska ce daskare a cikin ƙananan ramuka, ita ce ke hana zafi wucewa.

Kowane kaya na da lamba da ake kira lamda, ana rubuta ta da alamar λ a jikin kunshi. Ƙanƙantar lambar, kyawun kariyar. Ga kimanin yadda suke: kankare 1.4 zuwa 2.0, jan bulo 0.6 zuwa 0.9, busasshiyar ƙasa 0.6 zuwa 1.0, katako 0.13, bulo mai kumfa 0.10 zuwa 0.20, audugar dutse da ta gilashi 0.032 zuwa 0.044, farin soso irin na kwalin firiji 0.030 zuwa 0.040.

Lissafin shi ne: ɗauki kaurin kayan a mita, ka raba da lamdarsa. Abin da ya fito shi ne ƙarfin tarewa, wanda ake rubutawa da harafin R. Jan bulo mai kaurin santimita 22.5: 0.225 a raba da 0.8, ya ba da 0.28. Farin soso mai santimita 5 kacal: 0.05 a raba da 0.036, ya ba da kusan 1.4. Wato santimita 5 na soso ya yi aikin bangon jan bulo biyar a jere. Bulon siminti mai rami na inci 9 shi ma bai wuce 0.2 zuwa 0.3 ba, duk da ramukansa, saboda zafi na bin haƙarƙarin simintin da ke tsakanin ramukan. Idan bango na da hawa-hawa, a tara R ɗin kowane hawa. Idan dokar gini ta wurinku ta ƙayyade wani adadi, daga shi za ka fara.

Mataki na 3: Zaɓi abin da zai zama jikin bangon

Bulon siminti mai rami. Shi ya fi sauƙin samu da saurin ɗorawa, kuma kowane magini ya san shi. Na inci 9 na bangon waje da duk bangon da ke ɗaukar nauyi, na inci 6 na rabe-raben ciki. Aibinsa biyu: ba ya tare zafi, kuma ingancinsa na hannun mai bugawa. Gwada samfurin haka: ɗaga shi daidai ƙugu ka sake a kan ƙasa mai tauri, mai kyau ba ya tarwatsewa. Kankare gefensa da ƙusa, idan yashi ya zubo kamar gari, siminti ya yi kaɗan ko bai sha ruwa ba. Tambayi ranar da aka buga shi. Bulo na bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Wanda aka ɗora ɗanye a kan bango zai ci gaba da tsukewa, tsagar ta fito ta cikin filasta.

Jan bulo. Ya fi daɗewa, ya fi jure ruwa da wuta, ana iya barinsa ba filasta. Aikinsa na cin lokaci da kwaɓi. Buga guda biyu da juna: gasasshe da kyau na yin ƙara mai kaifi, wanda bai gasu ba kuwa sautinsa a dushe yake. Auna busasshe a sikeli, jiƙa shi awa 24, ka sake aunawa. Idan nauyinsa ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100, kada ka sa shi a bangon da ruwa ke duka.

Tubalin ƙasa da bulon matsattsiyar ƙasa. A wuri mai zafi da bushewa, wannan ne zaɓin da ya fi dacewa, ko da yake mutane da yawa na raina shi. Sharaɗin shi ne ƙasar ta dace. Ture ta sama mai saiwoyi da taki, ka ɗebi ta ƙasanta. Cika sulusin kwalba da ita, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa cikin 'yan awanni, yumɓu sai ya kwana. Auna hawan da rula. Ana son yashi ya fi rabi, yumɓu kuma ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20. Buga tubali na gwaji ka shanya a inuwa: idan ya tsattsage, yumɓu ya yi yawa, ƙara yashi ko yankakkiyar ciyawa, idan yana marmashewa a hannu, yumɓu ya yi kaɗan. Bulon da ake matsawa da inji ana zuba masa siminti kashi 5 zuwa 8, a lulluɓe da leda ya zauna da danshi kamar mako 2, sannan a bar shi ya cika kwana 28. Ƙasa mai yawan yumɓu ta fi karɓar farar ƙasa a kan siminti. Bangon waje na tubali kada ya gaza santimita 30, tsayinsa kuma kada ya wuce ninki 10 na kaurinsa. Abokin gabarsa ruwa ne, daga sama da daga ƙasa.

Bulo mai kumfa, wanda ake sayarwa da sunan AAC. Shi kaɗai ne a jerin nan yake aikin bango da na makari a lokaci guda: santimita 20 mai lamda 0.14 na ba da R na kusan 1.4. Ba shi da nauyi, da zarto ake yanka shi. Sai dai yana shan ruwa, dole a yi masa filasta, ƙusa ta yau da kullum ba ta kama shi, kuma da siririn manne na milimita 2 zuwa 3 ake ɗora shi. Maginin da ya ɗora shi da kwaɓi mai kaurin yatsa ya rage amfaninsa.

Firam na katako ko ƙarfe da aka cika da audugar dutse ko ta gilashi. Yana da sauri, ya dace da wuri mai laima da wuri mai sanyi, amma yana son ma'aikatan da suka ƙware da katakon da aka yi wa maganin gara. Idan babu su, bar shi.

Mataki na 4: Zaɓi makarin

Farin soso mai ƙwayoyi, irin wanda ake samu a kwalin firiji, EPS ake rubutawa a kunshinsa. Na gini ya fi na kwali tauri, kada a musanya. Shi aka fi mannawa a bangon waje. Wuta na cin sa, zafi mai kaiwa digiri 80 na sa ya lanƙwashe, fetur da sinadarin tsinka fenti na narkar da shi. Kada wayar lantarki mai rigar roba ta taɓa shi kai tsaye, a sa ta cikin bututu.

Soso mai santsi, sau da yawa mai launi, XPS. Ba ya shan ruwa sosai, don haka wurinsa gindin bango da jikin harsashi. Allon PIR mai takardar aluminiyam a fuska lamdarsa ta fi ƙanƙanta, kimanin 0.022 zuwa 0.028, ana ɗaukarsa idan wuri ya yi ƙunci.

Audugar dutse da audugar gilashi. Ba sa kama wuta, ta dutse sai zafi ya haura digiri 1,000 take narkewa. Suna rage ƙara, suna barin tururi ya wuce, don haka su suka dace da bangon ƙasa da na katako. Amma idan suka jiƙe sun zama jiƙaƙƙen bargo, ba sa tare komai. Haka idan aka danne su: auduga mai santimita 10 da aka cusa a gurbin santimita 5 ba ta yin aikin santimita 10.

Takardar aluminiyam mai ƙyalli tana aiki ne kawai idan akwai sarari na iska aƙalla santimita 2 a gabanta. Wanda ya binne ta cikin filasta ya yi asara.

Kauri fa? A ƙasa mai zafi santimita 5 na kawo babban canji, daga nan kowane ƙarin santimita amfaninsa raguwa yake. A ƙasa mai tsananin sanyi ana kai wa santimita 15 zuwa 20.

Mataki na 5: Yanke inda makarin zai zauna

A sabon gini, waje ya fi. Makarin ya lulluɓe bangon gaba ɗaya, nauyin bulo ya kasance a ciki yana daidaita zafin ɗaki, rana kuma ba ta dukan kankare kai tsaye balle ya riƙa buɗewa yana tsukewa. Abu mafi muhimmanci, yana rufe ginshiƙai, linta da bakin kankaren bene. Waɗannan kankare ne da rodi, zafi na bin su ya kewaye makarin idan an bar su tsirara, kuma a kansu ne ake fara ganin baƙin tabon fumfuna.

Hanya ta biyu bango biyu ne da makari a tsakiya. Ita ta fi ƙarko kuma ta fi tare ruwa, amma tana cin faɗi: jan bulo santimita 10, sarari 5, makari 5, bulo 15, jimla 35. Dole harsashi ya san da wannan tun farko.

Ta ciki ita ce ta ƙarshe. Tana da amfani a ɗakin da ake sanyayawa na 'yan awanni kawai, kamar ɗakin kwana, domin na'ura ba za ta ɓata lokaci tana sanyaya bulo ba. Tana cin wuri, kuma ba ta rufe inda bangon ciki ya haɗu da na waje.

Akwai batun raɓa, wanda kuskure a kansa ke ruɓar da bango a ɓoye. Iska mai ɗumi da laima idan ta taɓa wuri mai sanyi, ruwa take zubarwa. Don haka ledar tare tururi ana sa ta ne a ɓangaren da ya fi ɗumi. A ƙasa mai sanyi, ciki ke nan. A ƙasa mai zafi da laima inda ake sanyaya ɗaki, ɗumin a waje yake, leda ko takardar bango ta roba a ciki za ta tara ruwa a bayanta. Ko a ina kake, kada ka rufe bango da leda ta fuska biyu, a bar masa hanya ɗaya ta bushewa.

Mataki na 6: Lissafa adadi

Ɗauki gida mai mita 10 da mita 12, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 44, sau 3, murabba'in mita 132. Cire ƙofofi 2 da tagogi 8, kimanin 15, saura 117. Bulo mai fuskar santimita 45 da 22.5 guda 10 ke cika murabba'in mita, wato 1,170, a ƙara kashi 5 na fashewa, kimanin 1,230. Jan bulo na hawa ɗaya kusan 60 ne a murabba'in mita. Allon soso mai mita 1 da rabin mita: 234, a sayi 250 saboda yanke-yanke. Ƙusoshi 6 a kowane murabba'in mita, kimanin 700. Raga a ƙara mata kashi 10 saboda haɗi. Garin manne kilo 4 zuwa 5 na mannawa, wani 4 zuwa 5 na binne raga. Bangon ciki da na saman linta zuwa rufi a lissafa su daban.

Mataki na 7: Kare gindin bango

Daben gida ya ɗara ƙasar waje. A kan harsashi, aƙalla santimita 15 sama da ƙasa, a shimfiɗa abin hana danshi, wanda magina ke kira DPC. Ya rufe faɗin bangon duka, inda biyu suka haɗu su hau juna da santimita 10 zuwa 15, a shimfiɗa shi a kan kwaɓi mai laushi don kada tsakuwa ta huda shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne filastar waje ta sauko ta tsallake shi har ƙasa, ko a zo daga baya a cika ƙasar fulawa ta haura shi. Danshi ya samu gada ke nan, sai ka ga farin gishiri na fitowa a gindin bango. Bangon ƙasa a ɗora shi a kan dutse, jan bulo ko kankare mai tsayin santimita 30 ko fiye.

Mataki na 8: Ɗora bangon

Kwaɓin ɗori siminti 1, yashi 6, a auna da mazubi ɗaya, ba da shebur ba. Kwaɓin da ya fi bulo ƙarfi ba alheri ba ne, idan gini ya motsa bulon ne zai tsage maimakon layin kwaɓi. A kwaɓa abin da za a ƙarar cikin awa ɗaya zuwa biyu, wanda ya fara kamawa kada a farfaɗo da shi da ruwa. Fara da kusurwoyi, ja igiya, kaurin kwaɓi kamar santimita 1, kowane bulo ya hau rabin na ƙasansa. A cika haɗin tsaye da kyau, nan ne magini mai sauri ke barin rami, kuma ta nan ruwa da iska ke shiga. Jan bulo a jiƙa shi kafin a ɗora idan mai shan ruwa ne. Kada a wuce kimanin mita 1.2 zuwa 1.5 a rana. Dogon bangon bulon siminti a bar masa tsagar motsi kusan kowace mita 6, na jan bulo kusan kowace mita 12. A yayyafa wa sabon bango ruwa na kwanaki.

Idan za a manna makari a waje, miƙewar bangon ta zama dole. Ɗora katakon mita 2 a wurare da yawa, inda ramin ya wuce santimita 1 a cike shi da filasta tukuna.

Mataki na 9: Manna makari a waje

Bangon ya bushe, an kafa tagogi, an gama rufi, an fitar da duk bututun da zai ratsa bango. A share ƙura. Kada a yi aikin cikin ruwa, ko rana na dukan bangon, ko zafi ya haura digiri 30, ko sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. A lokacin zafi a bi inuwa: bangon yamma da safe, na gabas da la'asar.

A kafa ƙarfen farawa a miƙe a gindin bango. Daga ƙasa zuwa santimita 30 a sa XPS. Inda akwai gara kada soso ya shiga cikin ƙasa, domin ba cin sa take ba amma tana haƙa hanya a ciki har ta kai katakon rufi ba wanda ya gani. A bar tsiri a fili a gindin da ido zai riƙa dubawa.

A shafa manne a kewayen bayan allo gaba ɗaya, a ƙara dunƙule 3 a tsakiya, yadda idan an danna zai kama aƙalla kashi 40 na allon. Dunƙule kaɗai ba tare da kewaye ba yana barin iska na yawo a baya, kuma idan gobara ta tashi nan ne hanyarta. Audugar dutse a fara goga mata siririn manne ya shiga jikinta kafin a sa na biyu. A jera alluna kamar bulo, haɗin wani layi kada ya faɗa kan na wani, a kusurwar gida su sarƙe. A kusurwar taga a yanka cikakken allo ya zagaye ta, kada haɗi ya tashi daga kusurwar, domin nan tsaga ke farawa. Gefen taga shi ma a sa masa siriri na santimita 2 zuwa 3. Ratar da ta wuce milimita 2 a cusa mata yankin soso ko kumfar gwangwani, ba manne ba. A gidan bene da aka yi da soso, a ratsa ɗamarar audugar dutse mai faɗin santimita 20 a kowane hawa don tare wuta.

Bayan awa 24 zuwa 48 a huda a kafa ƙusoshi, kansu ya yi daidai da fuskar allo. Tsawonsu ya ratsa allon da manne ya shiga bulo yadda mai ƙera su ya rubuta. A bulo mai rami a kashe bugun na'ura, in ba haka ba cikin ya farfashe ƙusa ta rasa abin kamawa. A goge tudun haɗi. Soson da ya daɗe a rana yana yin rawaya da gari a fuska, a goge wannan kafin a ci gaba.

Sai raga. A fara da ƙarfen kusurwa, da ƙyallen raga mai santimita 20 da 30 a karkace a kowace kusurwar taga da ƙofa. A shafa manne, a danna raga cikinsa yana ɗanye, a shafe. Ba a rataya raga a busasshen allo a yaɓa mata manne a sama. Kowace raga ta hau ta kusa da ita da santimita 10. Kaurin duka milimita 3 zuwa 5, ragar ta ɓace amma tana kusa da fuska. Bayan ya bushe a yi shafen ƙarshe da launi mai haske. Baƙi ko launi mai duhu a kan makari na yin zafi sosai, tunda zafin ba shi da inda zai shige, filastar ta tsage.

Mataki na 10: Idan bango biyu ne, ko ta ciki

A bango biyu, allon makari ya manne da bangon ciki, sarari ya kasance ta waje. A ɗaure bangayen da ƙarfe mara tsatsa, tazarar santimita 90 a kwance, 45 a tsaye, a gefen ƙofa da taga kowace 30. Ƙarfen ya ɗan karkata zuwa waje don kada ya kai ruwa ciki. A sa katako a cikin sararin yana tare kwaɓin da ke zuba, ana ɗaga shi ana sharewa. A layin ƙasa da saman linta a bar ramukan fitar ruwa kowace santimita 90.

Ta ciki kuwa, a tabbata bangon ba ya yoyo, a kafa firam, a yanka auduga ta fi gurbin da kamar santimita 1 don ta cika shi ba rata, a toshe kewayen akwatin soket, a rufe da allon jifsam. Soso kada a bar shi tsirara a cikin ɗaki.

Mataki na 11: Idan kuɗi ko kaya sun gaza

Kada a fara da bango. A gida mai hawa ɗaya a ƙasa mai zafi, rufi ne ke shigo da zafi mafi yawa, don haka santimita 10 na auduga a kan silin ya fi duk abin da za a manna a bango. Bayansa sai inuwa: bakin rufi ya fito santimita 60 ko fiye, baranda ko bishiya a yamma, tagogin yamma su zama ƙanana. Bayan haka farin fenti. Idan akwai saura, a sa makari a bangon yamma, sai na gabas. A zane ma ana iya tura banɗaki, sito da matakala su koma yamma su tare wa ɗakunan kwana rana.

Inda ba a samun allunan makari, bulo mai kumfa ko bango biyu da sarari kawai a tsakiya sun fi bulo ɗaya. Ana kuma iya kafa sirara na katako a jikin bangon yamma a rufe da allo ko kwano mai haske, a bar sarari santimita 3 zuwa 5 a buɗe sama da ƙasa da ragar hana ƙwari, iska mai zafi ta riƙa fita ta sama. Cusa ɓuntu ko garin katako a ramin bulo ba ya tsinana abin kirki, zafi na bin haƙarƙarin bulon, kayan kuma na jawo danshi da ƙwari.

Bangon ƙasa kada a yi masa filastar siminti mai ƙarfi. Ba sa motsi tare, ruwa na shiga ta tsaga ya maƙale a baya, wata rana filastar ta faɗo falle guda. A yi yaɓen ƙasa ko na farar ƙasa da yashi, 1 da 3, hawa biyu, a kankare fuskar bangon a ɗan jiƙa ta kafin hawan farko, a bar na farko ya ƙame kafin a sa na biyu.